"Kowa ya ci ladan kuturu...": ta hau kan Alƙali Clarence Thomas?

Ɗan Fagge: Jama'a, ana yawan jefa wa Clarence Thomas na Kotun Ƙolin Amurka karin maganar nan: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Baƙar fata ne, ya shiga makarantar lauyoyi ta Yale a 1971, lokacin da take ba baƙaƙen fata fifiko wajen ɗaukar ɗalibai. Amma a Yunin 2023 har da ƙuri'arsa aka soke irin wannan fifiko a shari'ar jami'ar Harvard. Ta hau kansa?

Malamin Zazzau: Ba ta hau ba, ɗan'uwa. Maganar ciniki ce: wanzami ya karɓi lada da saninsa, sai ya cika aiki. Shi kuwa Thomas cewa yake ladan nan cutar da shi ya yi. Da ya gama a 1974, kamfanonin lauyoyi suka riƙa kallon takardar digirinsa kamar ta alfarma ce, har ya manna mata tambarin farashin santi 15 na kuɗin Amurka. Tun shari'ar Adarand, wadda ita ma kan fifikon launin fata ce, a 1995 matsayinsa ɗaya: rarrabe mutane da launin fata, ko don taimako ne, ya saɓa wa tsarin mulki, kuma yana sa a raina wanda aka taimaka. In karin magana kake nema, tasa ita ce kayan aro ba ya rufe katara.

Hajiyar Damagaram: Malam, ka taƙaita ta da yawa. Hausawa na faɗinta ga duk wanda ya ci moriya, ko ba a yi ciniki ba. Kujerar da yake kai ma ta Thurgood Marshall ce, baƙar fata na farko a kotun, ya gada a 1991. Kuma hujjarsa ta bin asalin nufin marubuta tsarin mulki tana da rauni: majalisar da ta rubuta gyara na 14 na tsarin mulkin, mai tabbatar da daidaito a gaban doka, ita ce ta ƙara wa hukumar kula da 'yantattun bayi wa'adi a 1866, wato ita ma ta yi dokar taimaka wa baƙaƙen fata. A duba sakamakon hukuncin 2023: a jami'ar MIT, baƙaƙen fata cikin sababbin ɗalibai sun sauko daga kusan kashi 13 cikin ɗari zuwa 5 a 2024.

Malamin Zazzau: Alkaluman gaskiya ne, Hajiya, kuma suna da ciwo. Sai dai in aka ce alƙali ya biya bashi da hukunci, an mai da kotu kasuwa. Ki ƙalubalance shi kan 1866, nan ne ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai ba.