Renon tumatir da tattasai a robobi lokacin hunturu

Maman Yusra, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Don Allah masu lambu, ina da robobin ruwa da gwangwanayen madara jibge. Zan iya renon tumatir, tattasai da latas a cikinsu a tsakar gida yanzu da sanyi ya kama, ko sai na jira zafi?

Na-Fadama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki jira, yanzu ne lokacinsa. Zafin Maris da Afrilu zubar da furen tumatir yake yi.

Yanke robar ki bar tsayin santimita 10, ki huda gindinta wuri huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi. Ki haɗa kwano biyu na ƙasar sama, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na yashi, ki tankaɗe. Takin ya zama wanda ya huce har ya daina wari, don ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake. Ƙwaya biyu ko uku a kowace roba, zurfi kada ya wuce santimita ɗaya. Latas ba a binne shi, a barbaɗa a danna da tafin hannu kawai. Tumatir kan fito cikin kwana 5 zuwa 10, amma tattasai da attaruhu in dare ya yi sanyi sukan kai mako uku. Kar ki tona wai kina dubawa.

Baban Walid, Rigasa:
Abin da ya fi kashe reno shi ne ruwa. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa, sai a ɗauka ƙishi ne a yi ta zubawa, alhali ciki jagab yake. Kwana biyu sai ki ga karan ya sirance daidai bakin ƙasa, ya yi baƙi, ya kwanta. Wanda ya kwanta ba ya tashi, cire shi har da ƙasarsa. Ki tura yatsa tukuna, in da danshi ki bari. Ban-ruwa da safe, ta murfin roba da aka huda da allura.

Jarkar maganin ƙwari ko ta baƙin mai kuwa, ko an wanke, kada ta zo kusa.

Maman Yusra:
Na gode ƙwarai. To in kifa saman robar a kai saboda sanyin dare?

Na-Fadama:
Da dare kaɗai, kuma ba murfi. Ki cire da hantsi, in ba haka ba ranar azahar ta dafa su. Tsohon gidan sauro ya fi amfani: yana rage iska da ƙura, ya tare kaji da ƙadangaru. Ki ɗora robobin kan bulo saboda gara, a inda rana ke samunsu sosai, don a inuwa zanƙalewa suke yi.

Da sun yi ganyen gaskiya biyu, wato waɗanda ke fitowa bayan ƙananan ganye biyun farko, bar ɗaya mai ƙarfi, ki datse sauran da almakashi. Tumatir a dasa a mako huɗu, tattasai shida, da yamma. Ki tsaga robar ki ɗauke shi da ƙasarsa.