Na bar tuwo da shinkafa, amma ƙarfe goma jikina na rawa

Maman Rabi, unguwar Nima, Accra: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Waakye, wato shinkafa da wake, nake sayarwa, sana'ar da na gada wurin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ita ma ciwon sukari ne ya kwantar da ita har aka yanke mata yatsun ƙafa, ni kaɗai na yi jinyarta, yayata tana Kumasi da aure, ƙanenmu kuwa sai dai ya turo kuɗi ta waya ya ce a gaishe ta. Shi ya sa da aka ce nima ina da shi bayan babbar sallah na rantse ba zan bi sawunta ba. Ranar da aka auna ni ban karya ba, sukarina 11.4 aka gani. Tun daga nan na bar tuwon zafi, na bar banku da dokunu, na bar kokon safe. Waakyen da nake dafawa da hannuna ma gishiri kawai nake ɗanɗanawa.

Ƙarfe uku na dare nake ɗora tukunya. Bayan asuba in sha magani da ruwan ɗumi, shida ina kan tebur, layi kuma ba ya yankewa sai wajen sha ɗaya. To da goma ta yi sai hannuna ya kama rawa, zufa mai sanyi ta keto min, ludayi ya nemi suɓucewa. Shekaranjiya mutum ya ba ni sidi ashirin na ba shi canjin hamsin. Yarinyata ta ruga ta sayo Malta, na shanye kafin na dawo hayyacina. Da dare kuma yunwa ta hana ni barci, in ta cin gyaɗa. Sau nawa ya kamata in ci a rana, me kuma zan riƙa taɓawa a tsakani?

Alhaji Baban Yara, Madina: Wa alaikumus salam. Maman Rabi, ki kwantar da hankalinki, wannan duk na wuce shi. Ciye-ciyen nan na tsakani shi ne babban abokin gaba, duk sanda kika kai abu baki insulin, sinadarin jiki mai sauke sukarin jini, ya tashi. Ni sha biyun rana nake buɗe baki, takwas na dare na rufe, awa 16 ba na cin komai sai ruwa da shayi ba sukari. Rawar jikin nan ƙwalama ce kawai, jiki ya saba da shinkafa yana kuka. Ki daure mako biyu zai yi shiru. Malta kuwa da hannunki kike rushe ginin da kika yi.

Hajiya Ta-Mamobi: Allah ya ba ki lafiya 'yar uwa. Ke ma kin samu da ba a sa miki ido. Ni maigida ya ce ba a ɗora tukunya biyu a gidansa, in na zauna da kontomire, wato ganyen gwaza, da kifi sai uwar miji ta ce yanga nake yi da abincin da ɗanta ya kawo. Ga tsinken awon sukari kullum kuɗinsa hawa yake. A biki kuwa in ka ƙi sobolo a ce ka raina masu taro.

Sista Mai Jinya, Ashaiman: Maman Rabi, ba ki faɗi abu mafi muhimmanci ba. Wane magani kike sha? Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da sukari ƙasa. Amma glibenclamide ko gliclazide suna matsa wa jiki ya fitar da insulin ko kin ci ko ba ki ci ba. Rawa, zufa mai sanyi, rikicewar lissafi, sannan ki sha abu mai zaƙi ki warware, alamun faɗuwar sukari ke nan. Ƙasa da 3.9 an shiga haɗari, mutum na iya sumewa, ke kuma a gaban tafasasshiyar miya kike tsaye. In ya taso ki jiƙa ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa ki sha, bayan minti 15 ki auna, sannan ki ci abinci. Alhaji, da girmanka, kada ka ce ta daure.

Maman Rabi: Sista guda biyu ne, babba da ƙarami, farare, a 'yar leda suka ba ni. Awo kuma tsinkena ya ƙare. Kuma ku gane, ba wai ƙin ci nake da gangan ba. Wa zai tsaya cin abinci mutane na miƙo kwano, wannan na son taliya da wele, wancan gari ba shito? Ni dai abin da na sani, tunda na bar tuwo awon safe ya sauko zuwa 7 da ɗoriya, ƙafafuna sun daina zafi.

Alhaji Baban Yara: Kun ji ko? Daga 11 zuwa 7. Hanya ta yi kyau, saura haƙuri. Ni nawa 5.8 ne yau da safe, zan iya turo hoto. Azumin Litinin da Alhamis ma fa muna yi ba mu mutu ba.

Sista Mai Jinya: Alhaji wane magani kake sha?

Alhaji Baban Yara: Metformin, shi ma na rage da kaina.

Sista Mai Jinya: To ka gani, jirginku ba ɗaya ba ne. Ƙaramin nan nata shi nake zargi. Wanda ya yanke sitaci haka dole a sake duba masa adadin magani, aikin likita ne, kuma katin inshorar lafiya na NHIS ya ɗauki ciwon sukari.

Malam Mai Shayi, Sabon Zongo: Maman Rabi, mu masu fitar asuba mun san wannan. Ki jefa ƙwai biyu a ruwan zafi tun kina tace wake, ki ci kafin ki fita. Ki ƙulla gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya a leda ki sa a aljihun atamfa, da yalo ko yankan wagashi, tsakanin mai saye da mai saye ki jefa a baki. Gyaɗar dare ce za ki rage, ki ci abincinki kafin isha'i.

Sista Mai Jinya: Malam ya kyauta, sai dai ƙwai da wagashi kusan ba sitaci a cikinsu, ba za su tare ƙaramin maganin nan ba. Kafin ki ga likita, ki ɗebi ludayi ɗaya na waakyenki ta gefen da wake ya fi yawa, da ƙwai da ganye, ki ci lokacin shan magani.

Umma Ta-Fadama: Ni dai ruwan prekese da zogale kakata ta sha har ta tsufa. Ƙosai fa, ba wake ba ne?

Maman Rabi: Sista shinkafar da na rantse a kanta? Ba ki ga ƙafar mahaifiyata ba ne. Asibiti kuma in na je wuni guda ne a benci, ranar ba ciniki, ƙarshe a yi min faɗa a gaban mutane. Zan gwada ƙwan Malam gobe. Tsarin Alhaji ma ai kusan shi nake yi, Maltar dai zan ajiye ƙarƙashin tebur.

Alhaji Baban Yara: Ki ba yarinyar Maltar ta shanye. Ki same ni ta akwati in turo miki jadawalina.

Sista Mai Jinya: Ki ɗauki hoton ledar maganin ki turo, sunan na jiki. Yau, ba gobe ba.

Hajiya Ta-Mamobi: Wai a ina kuke samun tsinken awo da sauƙi? Na kantin layinmu ya sake ƙara kuɗi.