Shawarwari kan zaɓen firiyam don kayan sauti na gida

Masu sha'awar kayan sauti da muka tattauna da su a Bauchi sun ce kada a sayi firiyam, wato na'urar da ke zaɓen tushen sauti da daidaita ƙararsa, sai an tabbatar ta dace da amfilifayar gida. Ƙa'idarsu ita ce turjiyar mashigar amfilifaya, wato yawan tirjewar da take yi wa lantarkin da ke ɗauke da sauti, ta ninka ta mafitar firiyam aƙalla sau 10, musamman idan firiyam ɗin mai bawul ce, wato mai aiki da kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila. Mai faifan garmaho kuwa sai ya nemi firiyam mai mashigar fono, wato wurin jona garmaho. Abin da ya fi damuna shi ne wuta: kayan Amurka volt 120 suke ɗauka, tamu kuwa 230 ce, saboda haka a duba bayan na'urar kafin a jona ta.