Ta yaya zan kai matan rugarmu gwajin sankarar bakin mahaifa?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a nan cikin Sakkwato, amma asalinmu wata ruga ce a ƙasar Tangaza. Bara bayan babbar salla muka rasa goggona, ƙanwar mahaifina. Ta daɗe da daina al'ada, sai jini ya dawo mata, da wani ruwa mai wari. Kusan shekara biyu tana ɓoyewa, tana shan saiwoyi. Da abin ya ci tura aka kawo ta birni, kuma a nan ne abin da ya tsaya mini a rai ya faru. Goggo Fulatanci take ji, Hausarta ta cinikin nono ce kawai. Likitan namiji ne, wanda aka sa ya yi tafinta kuma ɗanta ne na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Don Allah ta yaya za ta gaya masa inda jini yake fitowa? Sai ta ce ciwon mara ne. Aka ba ta magani suka koma. Da aka dawo da ita bayan wata huɗu, aka ce sankarar bakin mahaifa ce, ta riga ta bazu.

Ni kuwa an yi mini gwajin nan sau biyu kyauta, saboda saƙon yana zuwa a zauren WhatsApp na malamai. Duk lokacin da na je, fuskokin da na sani nake gani: ma'aikata, matan manya, 'yan jami'a. Ban taɓa ganin mace ɗaya daga ruga a layin ba.

Yanzu akwai mata takwas a gidanmu na can da suka haura talatin. Ina da ɗan kuɗin adashe da zan ɗauka. In ɗauki shatar mota in kawo su, ko akwai hanyar da gwajin zai je musu? Kuma me zan ce musu, tunda kalmar daji, wato sankara, kaɗai tana sa su watse?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Goggo, ya sa ciwon ya zama kaffara. 'Yar'uwa, ni ungozomar asibiti ce, shekarata goma sha ɗaya a ɗakin awon ciki.

Gwajin da ya fi sauƙi ba ya buƙatar wuta ko babban inji. Ruwan khal ake shafawa a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, a duba da fitila. In akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Wannan farin ba sankara ba ne tukuna, share fage ne, kuma yakan ɗauki shekara goma zuwa ashirin kafin ya rikiɗe. A wannan tsakanin ana iya ƙone wurin da wata 'yar na'ura mai zafi, matar ta tashi ta tafi gida a ranar. Akwai kuma gwajin ƙwayar HPV, wadda ita ce ke haddasa ciwon, kuma a wannan matar na iya ɗibar samfurin da kanta da ɗan tsinke mai auduga, ba wanda zai ga tsiraicinta. Shi ya fi dacewa da irin matanku, sai dai ya fi tsada, kuma sai an kai ɗakin gwaji.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba tun Nuwamban 2020 shi ne kafin 2030 a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata, sau ɗaya kafin shekara 35, a sake kafin 45. A Najeriya a 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 suka kamu, kusan 8,000 suka rasu. Wannan kashi 70 ba za a same shi a unguwannin birni irin Mabera da Gawon Nama ba, jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta.

Shawarata, kafin ki biya kuɗin mota ki je da kanki asibitin da za ki kai su, ki tambayi ranar da ake gwajin, ki tabbatar mace ce za ta yi, ki kuma tambaya in an ga fari ko suna ƙonewa a nan take. Wannan na ƙarshe ya fi komai. Matar da aka ce wa ta dawo bayan mako biyu, daga Tangaza, ba za ta dawo ba. Tafinta kuma ki zo da mace wadda ba ɗiya ba ce ba suruka ba. Ke ma kanki ɗiya ce a wurin wasunsu, ki lura. Kada su zo lokacin al'ada, masu ciki kuma su faɗa tun farko.

Baban Yara Gwadabawa:

Malama, in ba ki fara da mazan ba kin yi aikin banza, mota za ta dawo ba kowa. Ki sami Arɗo, ki tafi da kawunki ko wani babba, su ji daga bakin namiji. Kuma ki san abin da mutanenmu suka riƙe: wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya haukace. Ba a banza suke faɗa ba. Duk wanda suka gani an kai asibiti, sai da ya ƙare aka kai shi, aka yi aiki ya rasu, sai a ce ƙarfe ne. Don haka kar ki ce gwajin daji. Ki ce awon lafiyar mahaifa ne, irin na masu ciki.

Mu ma maza muna da namu. Yaron da ke wanka a gulbin Rima yana fitsarin jini, sai a ce tsargiya ce, girma ne. Wani likita ya gaya mini tsargiyar da aka bari shekara da shekaru tana iya zama sankarar mafitsara, alhali ƙwayoyi ne ake sha ta mutu.

Ummu Sudais:

Ban yarda da ɓoye sunan ba, Baba. In an ce awon mahaifa ne, gobe a ce wa mace an ga wani abu, za ta ce an yaudare ta, sauran kuma su ce maganin hana haihuwa aka zo yi. Mun ga irin wannan a lokacin rigakafin shan inna. A faɗa musu gaskiya: ciwon da ya kashe Goggo ake so a tare. Ai sun ga yadda ta ƙare.

Sannan tambayar da ba wanda ya yi: in aka sami ɗaya da ciwon ya riga ya kama fa? Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen gashi, inda ake ƙona sankara da na'ura, har daga Kebbi da Zamfara ake zuwa, to amma magani da wurin kwana da abincin mai jinya wa zai ɗauka? Ki ware wani abu daga adashen, kar ki ƙarar da shi a mota. Ki kuma tambaya ko 'yan matan rugar masu shekara 9 zuwa 14 sun sami allurar HPV. Kyauta ce, sau ɗaya ake yi, an fara ta a ƙasar nan a Oktoban 2023, ta iso Sakkwato a zagaye na biyu a Mayun 2024. Ina shakkar ko masu rigakafin sun shiga rugage.

Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, maganar tafinta ta farkar da ni, don da ni na yi niyyar zama. Akwai wata Bafulatana ma'aikaciyar lafiya da ke aure a unguwarmu, ba ta haɗa komai da su ba, zan roƙe ta. Baba, zan bi ta wurin Arɗo kamar yadda ka ce, amma sunan ciwon zan faɗa, na bi Ummu Sudais a nan. Na kira Kawu jiya da dare, ya ce mata uku sun yarda, biyu sun ce sai mazansu sun dawo daga mashekari, sauran ba su ce komai ba. Batun allurar yara kuwa ya ce bai taɓa ji ba. Zan fara da ukun ranar da Anti ta ce in tambayo, ba ma sai na ɗauki shata ba, motar kasuwa ta ishe mu.