A bakin wa Abba ya ji "ubanki"?

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya a wajen suna a Gwammaja Abba ya ba ni kunyar da ban taɓa ji ba. Wata dattijuwa ta ce ya miƙo mata buta, sai ya ware yatsu biyar ya yi mata daƙuwa, ya ce "ubanki". Yaro ɗan shekara 4. Nan take na buge masa baki har leɓensa ya fashe. Da muka dawo, babansa ya ce a wurina ya ji, tunda kullum haka nake ce masa. Ni kuwa na ce zagin da uwa ke yi wa ɗanta daban, wanda yaro zai yi wa babba daban.

Gwaggo: Gaskiyarki 'yata. Mu tara Inna ta haifa, ba ranar da za ta fito ta faɗi ba ta ce wa ɗayanmu ɗan banza ba, amma babu wanda ya taɓa ɗaga ido ya kalli babba balle ya zage shi. Zagin uwa iyakarsa fatar baki. Sakaci ne da wayar nan suka lalata yaran yanzu.

Baffa Malam: Yaya, ki yi mini haƙuri, ciki ɗaya muka fito amma a nan mun rabu. Ke kin manta sunan da aka laƙaba mini a gida? Daƙiƙi. Sai da na kai aji 5 a firamare ban taɓa ɗaga hannu a aji ba ko da na san amsa, don na riga na yarda haka nake. Allah ya jiƙan Inna, ba da mugunta ta yi ba, amma ya shiga zuci. Anas ɗan Malik ya yi shekara 10 yana yi wa Manzon Allah (SAW) hidima tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Kuma a Sahihu Muslim an hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kada ta dace da lokacin amsawa. Da yawan abin da muke kira zagi ai addu'a ce: Allah wadaranka, ba za ka yi albarka ba.

Gwaggo: To ai ga ka nan ka zama malam.

Baffa Malam: Da taimakon Allah da wani malaminmu na allo da ya fara ce mini "madalla". Ba zagin ne ya kai ni ba.

Anti Malama: Bari in sa baki, don yaran nan a hannuna suke wuni. Duk shekara in na karɓi 'yan aji ɗaya, kafin sati biyu na san gidan da ake ashar. Lokacin tara wata yarinya ta goya 'yartsana, ta sauke ta, ta nuna ta da yatsa tana cewa "wallahi zan ci ƙaniyarki, shegiya mai kunnen ƙashi". Har muryar ta manya ce, har riƙe ƙugun. Ɗan shekara 4 bai san ma'anar "ubanki" ba. Abin da ya sani shi ne kalma ce da ake faɗa in an takura maka. Dattijuwar ta katse masa wasa, shi kuma ya ɗauko abin da ya ga ana ɗaukowa. Kuma Maman Abba, kada ki ji haushina, laifin ba naki ke kaɗai ba ne. Lokacin da Abba ya fara magana, a tsakar gidan nan muka riƙa cewa "yi wa Kawu daƙuwa", yana yi muna shewa, har bidiyo aka ɗauka. Ni ma ina cikin masu dariyar. Abin da muka tafa masa a kai yana ɗan shekara 2 shi ne aka fasa masa baki a kai jiya.

Yaya Babba: Duk na ji, amma ina tsoron mu wuce gona da iri. Mu mutane ne masu wasa da baki. Kaka tana kiran jikanta mijin banza mai rowa, taubasai suna yi wa juna tsiya, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi. In muka ce kada yaro ya ji kalma mai kaushi ko ɗaya, za mu tashi yaran da ko wasa ba sa iya ɗauka.

Anti Malama: Yaya, wasan kaka ai kowa dariya yake yi, yaron ma yana ramawa. Wanda ake yi da jan ido da tsawa shi nake nufi. Yara suna bambancewa sarai.

Gwaggo: Yanzu kuka zo inda nake. A da koya mana ake yi. In babba ya kira ka "na'am" za ka ce, ba "mene?" ba. Gaisuwa a durƙushe. Ba ka kiran sunan yayanka gatsau. Ita kanta Inna har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba saboda alkunya. An nuna mana wanda ake wasa da shi da wanda ba a yi. Wannan koyarwar ce ta ɓace, ku kuma kun kama zagi kun riƙe.

Baffa Malam: Wannan kam na yarda, Yaya. Sai dai bakin da zai koya masa "na'am" da safe, in shi ne ke ce masa jaki da rana, wanne zai ɗauka?

Auta: Ni maƙwabciyata in ɗanta ya ɓata mata rai "ɗan albarka" take cewa, ko "Allah ya shirye ka", ko da kuwa tana huci. Yanzu yaron in ƙanwarsa ta ɓarar masa da kunu, "Allah ya shirye ki" yake ce mata.

Yaya Babba: In da tsawa aka faɗa ai duk ɗaya ne.

Auta: A wajen suna ba ɗaya ba ne, Yaya. Da ita Abba ya faɗa jiya da ba ma wannan maganar.

Maman Abba: Jikina ya yi sanyi. Ban ce na yarda duk laifina ne ba, amma "ubanka" kam a bakina ya fi jin ta, ba zan musa ba. Bayan la'asar zan kai shi gidan Hajiyar ya ba ta haƙuri.

Baffa Malam: Ki fara ba ta haƙurin da bakinki yana tsaye yana ji, sannan shi ya maimaita.

Gwaggo: A durƙushe zai faɗa, ba a tsaye ba. Ki biyo ta nan mu tafi tare, na san gidan. Kuma ki shafa masa man kaɗanya a leɓen nan kafin ku fito.