Gidan abincin 'yan Labanon: me za mu fara nema, kuma yaya ake gane na ƙwarai?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Mu shida ne za mu ci abincin dare a gidan abincin 'yan Labanon, kuma takardar abincin nasu cike take da sunayen da ban san kansu ba, in ban da shawarma. Me ya kamata mu fara nema, kuma faranti nawa zai ishe mu ba tare da almubazzaranci ba? Yaya ake gane abincin yau ne ko kwanan firij aka yi wa kwalliya? Sannan me ya kamata mu sa rai daga masu kawo abinci, don kada mu yi ƙorafi a kan abin da al'adarsu ce, ko mu yi shiru a kan sakaci?

Tsohon Kuku:

Wa alaikumus salam Malam. Kuskuren da sababbin zuwa suka fi yi shi ne kowa ya zaɓi farantinsa shi kaɗai. Ba haka ake cin abincin nan ba. Tsarinsa shi ake kira mezze: ƙananan faranta da yawa a tsakiyar tebur, kowa na gutsurar burodi yana dangwala. Masu sanyi ne ke fara zuwa, sai masu zafi, sai gasasshen nama, a rufe da kayan marmari ko kayan zaƙi. Garin Zahle da ke kwarin Beƙa'a, inda gidajen abinci suka jeru a bakin kogin Bardawni, ya yi suna a kan wannan salon, kuma can ana iya shafe awa uku a tebur ɗaya.

Ku shida, ku nemi masu sanyi biyar ko shida: hummus biyu, mutabbal ɗaya, tabbule ɗaya, fattush ɗaya, in kuna so ku ƙara labne, wato tataccen yogot mai kauri, ko naɗin ganyen inabi. Masu zafi uku sun isa, misali soyayyen kibbe, wato dunƙulen nama da ɓarzajjiyar alkama, batata harra, wato soyayyen dankali mai yaji, da rakakat, wato naɗin cuku. Nama kuwa kada ku ambace shi tukuna. Ku bari sai kun ci rabin abin da ke gabanku, don bayan mezze da wuya mutum ya wuce giram 150 zuwa 200 na nama. Kilo ɗaya na haɗin gashi ya ishe ku.

Gane ingancin gida ba ya buƙatar abinci mai tsada. Burodi da hummus sun isa su tona asirin kicin. Burodin ƙwarai yana zuwa a kumbure kamar balan-balan, in ka yaga tururi ya fito, saboda tandar da ake gasa shi na da zafi sosai, cikin minti biyu ya gasu. In ya zo a cikin leda, a sandare, gefensa na karyewa, to ba a nan aka gasa shi ba.

Hummus kuma abu biyar ne: waken hummus, tahina wadda ita ce niƙaƙƙen riɗi, lemun tsami, tafarnuwa, gishiri, sai man zaitun a sama. Ana jiƙa waken awa 12, a dafa shi da ɗan bekin soda har ɓawonsa ya saki, a niƙa ana zuba ruwan ƙanƙara. Shi ya sa na ƙwarai yake da sulɓi, kuma in ka ja cokali a kai, sawun cokalin na tsayawa. In ka ji tsaki-tsaki a harshe, waken bai dahu ba ko na gwangwani ne. In samansa ya bushe ya yi duhu ya tsattsage, ya daɗe a buɗe. In tsaminsa na soka maƙogwaro babu ƙanshin lemo, garin tsami na kanti aka sa. Kuma bai kamata ya zo da sanyin da ke kama haƙori ba, sanyi na kashe ɗanɗanon riɗi. 'Yan Labanon ba sa wasa da wannan abincin: a 2010 sun kafa tarihin duniya da hummus mai nauyin kilo 10,452, adadin da ya yi daidai da faɗin ƙasarsu a murabba'in kilomita.

Uwar Tukwane:

Baba Kuku ya gama magana a kan hummus, amma ni a ganina tabbule ta fi saurin fallasa gida, domin hummus na iya kwana ya yi basaja, tabbule ba ta iyawa.

Ɗan'uwa, ka dubi launinta kafin ka ɗanɗana. Tabbulen Labanon kore ce shar, ganyen fasli ne kusan duka, sai na'a-na'a, tumatir, albasa, lemun tsami da man zaitun. Burgul, wato alkamar da aka dafa aka shanya aka ɓarza, ɗan barbaɗe ne kawai, cokali biyu ko uku a kwano guda. In ka ga fari ya rinjayi kore, an cika ta da burgul ne don ya fi ganye araha. Sai ka karkata farantin. Ruwa kore ya taru a ƙasa? To ko dai an haɗa ta tun da rana, gishiri ya tsotse ruwan ganyen, ko an yanka ganyen da wuƙa mara kaifi, ko an jefa shi a na'ura ya dagargaje. Ganyen ana wanke shi ne, a bar shi ya bushe sarai, a yanka siriri da wuƙa mai kaifi sau ɗaya, ba a maimaita sara. Kuma da ganyen latas ake ɗibarta, shi ya sa za ka ga an jera shi a gefe, ba ado ba ne.

Fattush alamarta a kunne take. Soyayyen burodin da ke kai dole ya yi ƙaras-ƙaras. In ya jiƙe ya yi laushi, an zuba ruwan haɗin tun kafin ku zo. Tsaminta daga sumak yake zuwa, wani jan gari mai tsami, da kuma daskararren ruwan rumman, don haka kada jan barbaɗen ya ba ka tsoro, ba barkono ba ne.

Mutabbal babban yalo ne mai duhun fata da ake ƙonawa kai tsaye a kan wuta har fatar ta babbake, a ɓare, a bar shi ya tsane, sannan a haɗa da tahina. In babu ƙanshin hayaƙi, a tanda aka gasa ko dafawa aka yi. In ya yi ruwa-ruwa yana ɗaci, ba a tsane shi ba.

Abu ɗaya da nake so ka sa wa ido shi ne tum, farin haɗin tafarnuwar da ke raka kaza. Na asali tafarnuwa ce da gishiri da lemun tsami da mai kawai: kofi ɗaya na tafarnuwa na shan kofi uku zuwa huɗu na mai, ana ɗigawa a hankali har ya kumbura ya yi fari fat. Da yake yana saurin tsinkewa in aka yi gaggawa, wasu gidajen sai su haɗa da mayonis ko dafaffen dankali. Za ka gane shi da nauyi a baki da launin da ya karkata zuwa rawaya. In kuma ɗaci ya yi yawa, ba a cire koren tsiron da ke tsakiyar tafarnuwar ba.

Mai Gawayi:

Hajiya ta yi gaskiya a kan tum. Bari in ɗora da ɓangaren wuta.

Haɗin gashi yawanci kala uku ne: shish tawuk na kaza, kafta ta niƙaƙƙen nama, da gutsattsarin naman rago a tsinke. Kafta ita ce ma'auni. Tana son kitse kamar kashi ɗaya cikin biyar, da fasli da albasar da aka matse ruwanta. Kitse ya yi kaɗan, ta bushe kamar katako. Albasa ta yi ruwa, ta zame daga tsinke, sai mai gashi ya ƙara burodi ko gari don ta kama, a nan ne za ka ji tana danƙo kamar roba. Shish tawuk ana jiƙa shi a yogot da lemun tsami da tafarnuwa. In ya wuce kwana guda a ciki, tsamin na cinye naman, bayansa ya yi laɓo-laɓo. Ka yanka mafi girman yanka ka duba: fari har ciki, ruwansa garai. Nama mai launi ɗaya ko'ina babu tabon wuta, sannan ga tauri, alama ce an gasa tun da wuri aka ɗumama.

Akwai burodin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin naman ko a rufe shi da shi, wani lokaci da shafen jan barkono da albasa. Kada ku bari a kwashe shi, duk romon a nan yake.

Soyayyen kibbe kuma ka raba shi biyu. Ɓawon ya zama siriri, cikin ya zama nama da albasa da 'ya'yan sanaubar, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa. In ɓawon ya yi kauri ciki ba komai, an yi maka rowa. In ya sha mai har yana naso a faranti, man bai kai zafin digiri 175 ba aka jefa shi. In waje ya yi baƙi tsakiya na da sanyi, daga firiza aka ciro shi kai tsaye zuwa man da ya ƙone.

Sai dai ban yarda da Baba Kuku ɗari bisa ɗari ba a kan jinkirta odar nama. Gashin gawayi na cin minti 20 ko fiye, in gidan ya cika ya ninka haka. Gara a faɗa tun farko, amma a ce wa mai kawo abinci kada a ɗora a wuta sai kun yi masa alama.

Tsohon Kuku:

Na karɓi gyara, Malam, hakan ya fi. Illa dai a faɗi rabin abin da ido ke so, ƙari ba ya wuya.

Malamar Lafiya:

Saura tambayarka ta uku, Malam, da wani gargaɗi.

Jinkiri tsakanin masu sanyi da nama al'ada ce, kada ka yi fushi. Sakaci shi ne akasin haka: a jibge muku komai lokaci guda, nama na hucewa kuna kan hummus. Haka nan barin farantan mezze a tebur bayan nama ya zo daidai ne, ana ci tare. Abin da ya wajaba a kansu shi ne su canza muku ƙananan farantan gabanku kafin nama, su riƙa ƙaro burodi mai zafi ba sai kun yi ta ɗaga hannu ba, kuma kowane faranti ya zo da cokalin ɗiba nasa. Ka gwada mai kawo abincin da tambaya ɗaya, misali mene ne a cikin kibbe. Wanda ya sani zai faɗa maka, wanda bai sani ba amma ya je kicin ya tambayo shi ma ya yi aikinsa. Wanda ya ce "komai na da daɗi" bai amsa ba.

Zaitun, tsamammun kayan lambu, gyaɗa, ko tiren ɗanyen kayan lambu da ake ajiyewa ba ku nema ba, wasu gidajen kyauta ne, wasu suna sa shi a lissafi. Ku tambaya kafin ku taɓa. Ku kuma duba ƙasan takardar kuɗi ko an riga an sa ladan hidima, kada ku biya sau biyu. In gidan ana shan shisha, ku nemi tebur nesa da wurin tun lokacin kama wuri.

Gargaɗin kuwa a kan kibbe nayye ne. Ɗanyen nama ne da aka kirɓa da burgul, ba ya ganin wuta ko kaɗan. Abin alfahari ne a arewacin Labanon, musamman Zgharta da Ehden, amma niƙa nama na shigar da ƙwayoyin cutar da ke bayansa zuwa cikinsa, kuma lemun tsami ko man zaitun ba sa kashe su. Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da mai raunin garkuwar jiki su bar shi. Mai borin jini da riɗi kuma ya sani tahina na cikin hummus da mutabbal da miyar tarator da ake ci da falafel, wato ƙosansu; za'atar ma, garin busasshen ganye mai ƙanshi, akwai riɗi a ciki. Kayan zaƙin kuma cike suke da fistak, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, da dangoginsa.

Labanon ƙasa ce ta Musulmi da Kirista, don haka sunan gida kaɗai ba ya tabbatar da halal. A tambayi yankan naman, a kuma tambayi makanek, ƙananan tsiran hanji, don wasu na sa giya a haɗinsu. Farin abin sha mai kama da madara da za ka gani a ƙananan kofuna a wani tebur arak ne, barasa ce da ke yin fari in an zuba mata ruwa. Wanda ba ya sha sai ya nemi ayran, wato yogot na sha mai ɗan gishiri, ko jallab, wato abin sha mai zaƙi na dabino da inabi, ko lemo da na'a-na'a.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Kayan zaƙi fa, mu nema ko mu haƙura?

Uwar Tukwane:

Ku nemi kunafa, wato gasasshen kayan zaƙi mai cuku a ciki, guda biyu ku raba, amma ku tambaya ko yanzu za a gasa. Dole ta zo da zafi, cukun na miƙewa in an ɗaga cokali. Da ta huce sai ya koma roba. Ku ce a kawo ruwan sukarin daban, ku zuba da kanku. Gahawa kuma tun wurin oda ake faɗin yawan sukari, don a cikin tukunya ake dafa shi tare, kuma ba a tace ta, sai a bar kurɓin ƙarshe a kofi. Wanda ba ya son ta hana shi barci ya nemi farar gahawa: ruwan zafi ne da turaren furen lemo, babu gahawa a ciki ko ɗigo.