Baƙuwa ce ni a Birnin Kebbi, ta ina zan fara aikin sa kai?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Dosso ta Nijar aure ya kawo ni Birnin Kebbi, wata takwas ke nan. A gida na yi shekara shida ina taimaka wa unguwarzoma, auna nauyin jarirai da cike kati duk na iya.

Ranar awo na je ƙaramin asibitin unguwarmu. Mata sun fi benci yawa, wasu sun shimfiɗa zani a gindin dalbejiya, ma'aikaciya ɗaya tal ke rubutu tana kuma auna jini. Wallahi raina bai so ba. Na ce zan riƙa zuwa kyauta, ko sisi ba na so. Ta ce in kawo lambar NIN, wato lambar shaida ta Najeriya, da takardar mai unguwa.

Nan na cije. Takarduna duk da Faransanci suke. Maigidana ya je wurin mai unguwa sau biyu, mai unguwar ya ce sai an ƙara sanina tukuna. Ban ga laifinsa ba.

Shin baƙo mai zama bisa ƙa'ida yana samun NIN, wace takarda ake nema? A ina ake fassara takardun shaida a yarda da su? Ko in fara da Islamiyyar matan unguwa har a saba da fuskata? Wadda ta taɓa bin wannan hanya, don Allah ta nuna min.